Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Ƙanwata Mai Awon Aya a Cadawa

Tsibirin Gobir

Ɗana,

Ina fata kana lafiya, kai da innarka da ƙannenka da dukan mutanen gida. Mu nan sai godiya, ban da gwiwar nan tawa da ba ta shiri da sanyin kaka.

Saƙon muryarka ya iso. Na zaɓi in amsa maka a takarda domin maganar ta fi ƙarfin salula, kuma takarda ana iya ninke ta a aljihu a sake dubawa ranar da rai ya kwanta. Ka ce tun da ba ka ci jarrabawar bak ba ka koma ɗan awo a wurin Alhaji a kasuwar Cadawa, daga tiya sai buhu, daga buhu sai tiya. Ka ce kana ta roƙon Allah ya nuna maka abin da ya halicce ka dominsa, amma shiru kake ji. Sannan ka shimfiɗa mini hanya biyu in zaɓar maka: ko ka shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye ka zama fasto, ko ka bi abokanka Aljeriya.

Ta Aljeriya ba zan ja ta da nisa ba. Kai ma ka san labarin waɗanda ake kwasowa a manyan motoci a zubar cikin hamada, su taka kimanin kilomita 15 da ƙafa kafin su kai Assamaka, ba kuɗi ba waya. Innarka ba za ta iya wannan zaman jiran ba.

Makarantar Agiye kuwa ba na raina ta, ta fitar da mutanen kirki da suka riƙe ƙananan majami'u a ƙauyukanmu. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: kira ne ka ji, ko ƙurar kasuwa ce ta ishe ka? Dubi faston ƙauyenku. Baikon da ake tarawa ran Lahadi zai ciyar da gidansa? Da damina ta faɗi yana gona tun asuba kamar kowa, ya dawo ya je duba marar lafiya, da dare ya shirya wa'azi da fitilar hannu. Wanda ya shiga aikin fasto don ya huta da wahala zai iske hauya tana jiransa a ƙofar majami'a. Manzo Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskilla don ya ci da kansa. Ubangijinmu kuma sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara wa'azi, kuma mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi. Babu wanda zai ce waɗancan shekarun na banza ne. In kira ne na gaskiya, ba zai tsufa ba, kuma dattawan ikilisiya za su gan shi a jikinka tun kafin ka buɗe baki.

Yanzu bari mu zo kan tiyar da ka raina, don a nan maganata take.

Ka fi ni sanin yadda aya take isowa gabanka. An ƙone ganyenta a gona, an tone ƙasa, mata sun durƙusa da rariya suna tankaɗe rairayi har ƙura ta rufe musu gira. Tsohuwa ta ɗora 'yar ayarta a amalanke ta zo kasuwa, rabin kuɗin ma na mai bashin da ya ranta mata hatsi ne tun bazara. Ta zauna gefen tabarma tana kallon hannunka. Ba ta yi lakwal ba, ba ta san lissafin takarda ba, idonta kaɗai gare ta. Kuma ka san dabarun da ake yi mata. Akwai tiyar saye mai zurfin ciki, akwai ta sayarwa da aka bubbuga gindinta. Akwai kewaya bakin tiya da tafin hannu don tozon ya ƙara tsawo. Akwai mai ƙirga da ƙarfi ya ce goma sha bakwai, wani ya ja shi da zance, ya juyo ya sake cewa goma sha bakwai. Kowace dabara 'yar kaɗan ce, ba ta kai a kira ta sata a gaban jama'a ba, amma kafin la'asar ta zama buhu.

To, ɗana, kai ne Allah ya zaunar a bakin wannan tabarma. Tsakanin tsohuwar nan da zalunci babu alƙali, babu jandarma, sai hannunka. Kana neman aikin da Ubangiji ya ba ka, ga shi kuwa kana yin sa kowace ranar kasuwa. Shari'ar Musa, a Littafin Kubawar Shari'a, ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Alhajinka ma ba baƙon wannan magana ba ne, domin a Alƙur'ani akwai sura guda da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Saboda haka in wata rana ya nuna maka da ido ka danna hannu, kada ka tsinka shi a gaban yaransa. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa yadda ɗa yake yi wa uba, ka ce masa wannan ba za ka iya ba, amma duk wani aikin ƙarfi a shirye kake. Ba zan ɓoye maka ba, yana iya sallamarka. In ya yi haka ka taho, gidan kawunka bai rasa tuwo ba. Sai dai na ga 'yan kasuwa da yawa a rayuwata, kuma mai dukiya ya san cewa yaron da ya ƙi cutar baƙuwa dominsa ba zai cuce shi ba ranar da ya bar masa mabuɗin sito. Kuma gaskiyar nan fuska biyu gare ta: yadda ba ka tauye wa tsohuwa, haka ba ka ƙara wa abokinka tozo daga dukiyar Alhaji don kunya.

Ka tuna ko mu nawa ne. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar Musulmi ne. A kasuwar nan taku akwai ɗaruruwan mutane da ba za su taɓa taka majami'a ba, ba za su taɓa buɗe Bishara ba, ko da yake tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Abin da za su sani game da masu bi shi ne abin da suka gani a wurinka. Nauyi ne, na sani, kuma ba kai ka roƙa ba.

Haka ma ikilisiya ta kafu a ƙasar nan. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ya zo nan Tsibiri. Turawan ba mala'iku ba ne, sun daɗe suna riƙe da ragamar komai kafin 'yan ƙasa su tsaya da ƙafarsu a ikilisiyar EERN wajen lokacin samun 'yancin kai. Amma je ka tambayi dattijon ƙauye me ya sani game da Kirista. Ba wa'azin kowa zai kawo maka ba. Zai ce asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, inda aka yi wa matarsa aiki. Zai ce Danja, inda ake wanke gyambon kutare a zamanin da danginsu ma ke ware musu ƙwarya. Yawancin masu wankin nan 'yan ƙasa ne, kakanninku, kuma ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Ga kuma abin da ke ƙofar gidanku. Lokacin da muke samari, daga Maraɗi zuwa Gazawa kana iya hango mutum tun daga nesa, don an share gonaki ƙaf, iska tana binne shuka da rairayi sai an sake shuka iri. Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo a 1981, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har ya kusa tattara kayansa. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyi don ya ratsa rairayi, sai ya lura cewa 'yan tsirrai da kowa ke sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututtukan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da yunwar 1984 ta zo, wadda muke kira El Buhari, aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari, ana yi musu dariya, su ne suka fara samun itacen girki da harawar gawo da inuwa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma daga ƙasashen waje ake zuwa Ɗan Saga, can cikin Agiye, don a ga wannan sassaben zamani da kwamitin da ke tsaron itatuwa, wanda ya haɗa har da mata da makiyaya. An ba Baturen babbar lambar yabo a 2018, ya kuma cancanta. Amma aikin manoma ne suka yi shi, galibinsu Musulmi, kowa da 'yar wuƙarsa a gonarsa, shekara bayan shekara. Kai da ka gaji gamana cike da kalgo da sabara, ka taɓa tunanin cewa kula da ita ma hidima ce?

Sai zaman tare. Ka ce a fada, wurin hirarku ta samari, wani lokaci ana jifanka da kalmar arne, ana raha. Na san zafinta. Na kuma san ba ka manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba, mutum goma suka mutu. A Yunin 2019 kuma aka ƙona wata a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Ba zan ce maka babu abin tsoro ba. Amma a waɗannan ranakun an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, kuma irin wannan amana ba ranar tashin hankali ake ƙulla ta ba. A wurin suna da jana'iza ake ƙulla ta, da aron hauya, da ɗaukar marar lafiya a babur cikin dare. Baffanninka Musulmi ne, jininka ne. In an yi rasuwa ka riga kowa zuwa haƙar kabari. Da azumi kada ka ɗaga buta kana kwankwaɗa a gaban masu ɗaukar buhu da ƙishirwa, ka koma bayan rumfa. In an kawo naman layya ka sa hannu biyu ka karɓa, da Kirsimeti innarka ta aika musu da shinkafa kamar yadda muka taso muka iske. In wani ya tambaye ka bangaskiyarka da zuciya ɗaya, ka gaya masa ba tare da kwana-kwana ba, ba tare da zagin tasa ba. Gardamar addini ta Facebook kuwa ka bar wa masu ita, ban taɓa ganin wanda ta shiryar ba, na dai ga gidajen da ta raba.

A ɓangarenmu na Gidan Rumji, tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga. Kafin ƙungiyoyin agaji su iso, talakawan ƙauyukan iyaka ne suka buɗe musu rumbunansu. Wannan ya isa ya sa mu masu bi mu rage ganin kanmu kamar mu kaɗai muka san jinƙai.

Fada ba laifi ba ce, shayi ma haka. Amma ƙwayar tiramol da wasu ke haɗiya wai don ƙarfin aiki, da cacar ƙwallo ta salula, ka yi nesa da su. Haka kuma masu wa'azin da ke yi wa matasa alkawarin mota da biza in sun ba da baiko mai tsoka. Allah ba ɗan kasuwa ba ne.

Batun Lahadi, ka roƙi Alhaji ya bar maka safiya don sujada, ka biya shi da ranar Juma'a, ka tsare masa kaya sa'ad da sauran yara suka tafi masallaci. Kowa ya samu. A majami'a kuma kada ka zama ɗan benci na baya. Kana karanta Hausa da Faransanci, alhali a zumuntar mata akwai waɗanda ba sa iya karanta takardar maganin 'ya'yansu. Ka nemi izinin fasto ka riƙa koya musu baƙi da yamma. Ko biyar suka iya, an ci riba. In kuma zuciyarka na kan bak, ka sake zama a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ni zan biya kuɗin rajista. Maganar aure da ka saƙa a ƙarshen saƙonka, na ji ta sarai, amma ba ta takarda ba ce.

Ka nuna wa fastonku wannan wasiƙa in ka ga dama, ka kuma zo mana Kirsimeti mu ƙarasa sauran baki da baki. Kafin nan ka shiga gamanar nan ka datse kalgon tun kafin masu neman itace su riga ka. Ka gaida innarka da ƙannenka, ka gaida Alhaji ka ce masa kawunka na Tsibiri ya gode da riƙo. Ubangiji ya kiyaye ka.

Ni ne naka,
Kawunka