Langa a Bakin Masana'anta

A Sharada, filin da ya rage wa yara shi ne gaban masana'antun da suka rufe, inda a da tireloli ke jeruwa. Nan nake koya wa yaran layinmu langa bayan La'asar. Ka riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ya mutu. Ture juna kam sun iya tun ranar farko. Tsare ruwa, wato ɗan wasan da 'yan ƙungiyarsa ke karewa, har ya kai wurin sha ne ke gagarar su, don kowa so yake a ce shi ne gwani. 'Yan matan ba su jira ni ba, tuni suka zana 'yar gala-gala da gawayi a kan siminti.