'Yar Marubuciya Ba Ta Iya Karatu Ba

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba. Wani abu ne ya faru a gidana, wanda har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Shekara biyu ke nan, malamar 'yata ta aji huɗu ta aiko kirana. Bayan mun gaisa ta ce, "Hajiya, yarinyar nan ta san haruffa, amma layi ɗaya sai ta yi ta tsintarsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa." Na dawo gida jikina a sanyaye. Mutane na sa kuɗi su sayi rubutuna, ga 'yar cikina ba ta iya karatu ba!

Na ɗauko mai lesin, na yi faɗa, har bulala na sa. Abin da na samu kawai, yarinya ta fara ɓoye jakarta.

Wani dare na tambayi kaina, ni wa ya doke ni na iya karatu? Babu. Lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, yayata ce ke karɓo hayarsa tana karanta wa ƙawayenta. Da an zo wurin daɗi sai a kore ni, wai ni yarinya ce. Haushin nan ya sa nake sato littafin, in laɓe a bayan ɗakin girki ina haɗa baƙi har na gane. Ita kuwa 'yata, littattafaina suna kulle a akwati don ba na yara ba ne, sabon rubutuna kuma yana cikin waya. Littafin da ta sani kawai shi ne wanda ake dukanta a kansa.

Sai na sayo Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na ari dabarar akun da ke ciki, wanda ya riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita yaƙi. Bayan sallar isha'i in karanta mata, da labari ya ɗauko daɗi sai in yi hamma in rufe, in bar littafin a kan tabarma.

"Haba Umma, ki ƙarasa mana!"

"Barci nake ji, sai gobe."

Ba a yi mako biyu ba na leƙa na same ta a ƙarƙashin gidan sauro da tocila, yatsa a kan layi, baki na motsi. Na koma ɗaki ina hawaye. Yanzu ita ke karanta wa ƙannenta, har ta koyi yi musu hammar.

'Yan uwana marubuta, mun cika kasuwa da littattafan manya, nawa muka rubuta wa yaranmu? Ni dai na fara nawa. Ku sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ikon kammalawa.