Daga Okpara zuwa Zugu: Abin da Laka ke Ɓoyewa

Masu magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A hutun da ya wuce, ana tsakiyar rani, muka ɗaura niyyar zuwa ganin inda ruwan famfonmu na Paraku ke fitowa. Muka hau zemijan tun da sanyin safiya, muka yi gabas, ba a jima ba sai ga mu a Kpasa, bakin madatsar ruwa ta kogin Okpara. An gina ta a 1969, kuma daga nan ne kamfanin SONEB ke jawo ruwa, ya tace, ya aiko mana gari.

Ruwa ya ja baya, ya bar baƙar laka shimfiɗe a gefe, duk ta tsattsage. Can muka tarar da wani dattijo mai lambu yana cika buhu da ita. Muka gaisa, muka ce, "Baba, ina za a kai wannan?" Ya ce, "Malam, ai taki ne. Wanda ya zuba wa tumatir ita ba ya neman na kanti." Muka yi masa fatan alheri, muka wuce. Amma maganar ta tsaya mana a rai har muka dawo gida.

Baba bai yi ƙarya ba, laka tana da albarka. Sai dai duk abin da ruwan damina ya wanko daga gonaki da ƙauyuka, a cikinta yake kwanciya. Rairayi bai cika riƙe komai ba, amma laka mai laushi tana kama dalma da zaiba da ragowar maganin feshi, ta ajiye su shekara da shekaru. Muddin tana kwance a ƙarƙashin ruwa, da sauƙi. Ranar da aka yashe ta, aka baza ta a rana da iska, a nan ne abin da ta ɓoye ke iya fitowa. Mu mutanen Borgu mun san zafin maganin auduga: a kakar 1999 zuwa 2000 aƙalla mutum 37 suka rasu a wannan yanki saboda endosulfan, kafin gwamnati ta hana shi a 2008.

Kwana biyu bayan haka muka shiga mota zuwa Zugu, tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai. Wannan gari ne da kakanninmu fatake suka riƙa yada zango a cikinsa, a kan hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja sayen goro. Mutanensa na shan ruwan madatsar Tero, kuma ba nisa da shi, a duwatsun Taneka, kogin Weme ke fara tafiyarsa. Daga nan yake gangarawa kudu fiye da kilomita 500, ya haɗiye Okpara a hanya, ya zube a tafkin Nokuwe, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri ta mashigin Kwatano. Ashe lakar da ta kuɓuce mana a arewa, can take sauka wurin masuntan Ganbiye.

A can kudu kuwa yasa aiki ne na kullum. Tashar jiragen ruwan Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, dole a riƙa yashe ta don manyan jirage su sami shiga. Haka kuma tun da aka hana ɗibar rairayin bakin teku a 2009, masu gini suka koma ga na tafkuna da fadamu. To, abin da aka tono, ina za a zuba shi?

Duniya ta daɗe tana wannan tambaya. A 1972 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Landan kan zuba shara a teku, aka ƙara mata ƙarfi a 1996. Ƙa'idar ita ce a auna kafin a zuba. Ana ɗibar samfuri a wurare da dama, sama da ƙasa, a busar, a duba miligiram nawa na guba ke cikin kilo guda. Faransa ta kafa iyaka biyu, N1 da N2. Ga dalma, 100 da 200. Ga zaiba, 0.4 da 0.8, ga kadmiyom, wanda ake samu a wasu batura, 1.2 da 2.4. In laka ba ta kai iyakar farko ba, ana iya mayar da ita teku. In ta faɗa tsakani, sai an ƙara bincike. In ta haye ta biyu, ana iya hana zubawa, a nema mata wurin ajiya a tudu. Lakar koguna ma tana da nata ma'aunin daban.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Zongo da miligiram? Ruwanmu ne ƙwarai. Kafin damina mukan fito gayya mu yashe kwatoci, mu tara taɓon a bakin hanya. Yara su yi wasa a kai, awaki su bi ta kai, mai lambu ya zo da baro ya kwashe. A cikin kwatocin nan ne baƙin man gareji da ruwan batir da matattun batiran tocila ke ƙarewa. Ido ba ya ganin dalma, hanci ba ya jin ta, amma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma mu da muke tsayawa gaban allo mun san abin da wannan ke nufi.

Saboda haka ga roƙonmu. Taɓon kwata kada ya shiga lambu. Makanikai su tara baƙin mai a jarka. Duk ranar da za a yashe wata madatsa ko tafki a yankinmu, shugabannin unguwa su tambayi magajin gari: an auna lakar? Me aka samu? Ina za a kai ta? Tambaya ba rashin ladabi ba ce, kuma jami'a na nan cikin garinmu tun 2001.

Mun yi alkawari za mu koma Kpasa mu nemi Baba, mu gaya masa abin da muka koyo, tun tumatirinsa bai kai kasuwar Arzeke ba. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kare mana zuriya. Amin.