Amsar da Ɗalibi Yake Kaiwa Gida

Jami'ar Ngawundere tana Dang, wajen kilomita 15 daga cikin gari. Ɗalibanta da yawa 'ya'yan manoma ne da makiyaya daga Adamawa, Garwa da Marwa. A gidaje da dama, ɗalibin nan shi ne mai boko mafi zurfi. In wata sabuwar magana ta zo, shi ake tambaya.

Cutar korona ta shiga Kamaru a watan Maris 2020, aka rufe makarantu. A Afrilu 2021 aka fara allurar rigakafi, da Sinopharm daga Sin, sa'an nan AstraZeneca. Amma jita-jita ta riga allura isa, ta WhatsApp: wai tana hana haihuwa, wai gwaji ake yi da baƙar fata. Waɗansu ɗalibai suka karɓi allura, waɗansu suka ƙi, waɗansu kuwa suka tura saƙon gida ba bincike.

Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, har maganar ta kai kotu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gudun ma yana da nasa hasara. Da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, cutar ta ƙetare iyaka, ta gurgunta yara a ƙasashen maƙwabta, har da Kamaru.

A Janairu 2022 Garwa ta karɓi wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya. Dokar shiga ta ce sai da shaidar rigakafi. Saurayi zai iya miƙa hannu domin ƙwallo. Amma tsohuwar da ke gida, wadda korona ta fi yi wa hatsari, ba ta da wasan da za ta je. Abin da jikanta ya faɗa, shi za ta bi.

Ba laifi ba ne ɗalibi ya yi shakka, gama tambaya ita ce aikinsa. Likitoci suna Asibitin Mishan na Ngawundere, malaman kimiyya suna Dang. Wanda ya kai wa iyayensa maganar da bai tabbatar ba, ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba. Wata annoba za ta zo, za a kuma sāke tambayarsa.