Jinkirin Gangan: Darasi Daga Birikiteri

Akwai kalmomi uku da ɗalibai kan cakuɗa su, wato nawa da jinkiri da makara. Na daɗe ina koyar da bambancinsu a aji, amma bai zauna mini a zuciya ba sai da na yi wata asara a unguwar Birikiteri ta birnin Yawunde.

Birikiteri ta samo sunanta ne daga masana'antar bulo ta zamanin Turawa, kuma ita ce cibiyar Hausawan Yawunde, unguwar teloli da 'yan yadi da masu tsire. Ni da ɗalibaina mukan je can mu ɗauki muryoyin dattawa, domin Hausarsu ta sha ruwan Fulatanci da Faransanci, kuma ba kowa ya damu da adana ta ba. Muna da manhaja a waya wadda takan aika sautin zuwa rumbun ajiya a Faransa, sannan ta share kwafin wayar don a samu wuri. Mun gwada ta a ofis, da rumbun gwaji a ɗaki guda da mu, ta yi aiki kamar ƙiftawar ido.

Wata rana wani dattijo tela ya zaunar da ni a shagonsa har awa biyu, yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya gangaro daga arewa da fataucin goro. Da na koma gida na duba, babu sautin a rumbu, babu shi a waya. Na ce ba komai, zan koma. Hidimar jarrabawa ta riƙe ni wata uku. Ranar da na koma, ɗansa ya tarye ni a bakin shago, ya ce, "Malam, ai Baba ya riga mu gidan gaskiya." Allah Ya jiƙansa.

Wani abokin aikina, masanin kwamfuta, shi ya gano inda gizo ke saƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin Yawunde da Paris kuwa akwai kimanin kilomita 5,000, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba, wato kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, ko da hanyar miƙaƙƙiya ce. Wayoyin ƙarƙashin teku kuwa zagaye gaɓar Afirka suke yi, ga kuma cunkoson layin waya a unguwa. Manhajarmu tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, ba ta aika wata sai an amsa mata ta baya. Gunduwa 200 a kan milisakan 1 ba su kai rabin daƙiƙa ba, amma a kan milisakan 300 sun zama daƙiƙa 60. Mu kuwa mun ƙayyade mata jiran daƙiƙa 30. Da wa'adin ya cika sai ta katse, ta ɗauka aiki ya kammala, ta share. Laifin namu ne, mu da muka gwada ta inda babu jira.

Maganin da ya kawo ya ba ni mamaki. Ya ce mu ƙara jinkiri da hannunmu. A tsarin Linux akwai wata dabara mai suna netem, wadda za ka umarta ta riƙe kowane saƙo na ɗan lokaci kafin ta sake shi, ko ta riƙa sassauya tsawon lokacin, ko ma ta zubar da wasu saƙonnin. Muka sa ta tsakanin manhaja da rumbun gwaji, muka kawo Birikiteri cikin ofis. Nan take kuskuren ya bayyana a gabanmu. Muka gyara, ta yadda ba za a share komai ba sai rumbu ya tabbatar ya karɓa duka. Na sa wa dabarar suna jinkirin gangan. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a yammacin Afirka, intanet ta yi ta jan ciki har a Kamaru, ko sauti ɗaya ba mu rasa ba. Ashe gaskiyar Bahaushe ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ku dubi kalmominmu. Nawa hali ce ta mai tafiya, kamar layi mai ƙunci da ke ɗigo da saƙo kaɗan-kaɗan. Jinkiri shi ne tazarar da ke tsakanin kira da amsa, ko da hanya na da faɗi. Makara kuwa ita ce isowa bayan wa'adi ya wuce. Jinkiri ne ya kayar da manhajarmu, amsar rumbu ta makara, ni ma na makara wajen komawa.

Aikin wannan mako: kowa ya gina jimla ɗaya da kowace kalma. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya ɗauki muryarsa yau, ya saurari abin da ya ɗauka kafin ya tashi daga gabansa.