Inuwar Itace a Asibitin Yara

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro ya san ba ciwon kaɗai ne ke damun yaron ba. Akwai tsoron allura, da warin magani, da farin bango wanda ba ya sauya kama tun safe har dare. Babba yakan lallashi kansa da lissafin ranar sallama, amma ɗan shekara huɗu ba shi da wannan dabara, abin da idonsa ya gani shi ne iyakar duniyarsa. Don haka batun barin wuri ga itatuwa da furanni a asibitin yara ya wuce batun ado, ko da yake masu riƙe da kuɗin gini sun fi ɗaukarsa a haka.

Tun a ƙarni na 19 Florence Nightingale, wadda ta kafa harsashin aikin jinya na zamani a Ingila, ta nace a kan iska da hasken rana, da kuma bai wa maras lafiya damar hangen waje ta taga. Hujjar lissafi kuwa sai a 1984 ta fito, lokacin da Roger Ulrich ya buga bincikensa a mujallar Science. Ya duba takardun mutum 46 da aka yi wa aikin cire matsarmama a wani asibiti a Jihar Pennsylvania ta Amurka, tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Na farkon sun yi kwana takwas ba kaɗan kafin a sallame su, na biyun kuwa sun kusa kai wa tara, kuma sun fi bukatar magani mai ƙarfi na kashe zafi. Waɗannan dai manya ne, kuma ba su da yawa, saboda haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya buɗe wa masu zanen gini ido.

Inda maganar ta fi tsauri shi ne asibitin yara na birnin Boston. A 1956 wata marubuciya, Olive Higgins Prouty, ta ba da kuɗi aka yi lambu a tsakiyar asibitin, don tunawa da 'ya'yanta mata biyu da suka rasu suna ƙanana. Lambun bai wuce rabin eka ba. Akwai ciyawa, da maɓuɓɓugar ruwa, da 'yan gumakan dabbobi a ɓoye cikin shuke-shuke don yara su nema, da wani dogon itace da ya yi wa wurin rumfa. Shekara sittin ana tura yara can a keken marasa lafiya, wasu ma a kan gadonsu. Akwai iyayen da suka roƙi a fito da ɗansu ya cika a nan, a ƙarƙashin sararin sama, maimakon cikin ɗaki tsakanin na'urori.

To, sai asibitin ya ce wuri ya yi masa kaɗan, yana son gina bene mai hawa 11 a daidai filin lambun, don a sami ƙarin gadaje da sashen masu ciwon zuciya da na jarirai. Iyaye da wasu likitoci suka tashi tsaye, har da zuwa kotu, amma ba su yi nasara ba. Aka rushe lambun a 2016, aka buɗe sabon ginin a 2022, aka kuma yi wasu lambuna, har da na saman rufi, a madadinsa. Ba daidai ba ne a ce hukumar asibitin ba ta da imani, domin jaririn da aka rasa gadon kwantar da shi ba zai warke da inuwa ba. Laifin yana wuyan tsarin da ya bar lambu a matsayin filin da ba a riga an gina ba, wanda ake jira ranar bukatarsa ta zo. Ana iya ɗaga bene cikin 'yan shekaru, itace mai shekara sittin kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Wasu sun kauce wa wannan tun daga zane. Sabon asibitin yara na Melbourne a Ostareliya, wanda aka buɗe a 2011, da na Alder Hey a Liverpool, na 2015, duka an gina su a jikin filin shaƙatawa na gari, yadda yawancin ɗakuna ke kallon kore.

Sai dai ba kowace shuka ce abokiyar yaro ba. Ƙasar tukunyar fure tana ɗauke da ƙwayoyin funfuna masu iya kashe yaron da maganin ciwon daji ya raunana wa garkuwar jiki, shi ya sa ake hana shigar da furanni irin waɗannan ɗakuna. A ƙasar Hausa kuma akwai ƙarin abin lura. Ruwan ado da ke tsaye gidan sauro ne, kuma 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da zaƙami guba ne ga yaron da komai ya samu baki yake kai wa.

Amma a nan ɗin ne itace ya fi aiki. Yaro ba ya kwanciya asibiti shi kaɗai, uwa tana tare da shi, wani lokaci har da kaka da ƙanwar uwa, da tabarma da kwanon abinci. Idan rana ta take a watan Afrilu, gindin darbejiya ko mangwaro shi ne zaurensu, nan ake cin abinci, nan ake salla, nan ake jiran abin da likita zai ce. Sau da yawa wannan inuwa ba ta cikin zanen ginin, wani ne dai ya dasa itacen shekarun baya, kuma ita ake fara sarewa idan za a faɗaɗa wurin ajiye motoci.