Tukwanen wardi a Maraɗi

Cikin watan Janairu na je Maraɗi, hunturu yana tsakiyar busawa. Daga Katsina muka bi ta Jibiya, muka tsallaka iyaka muka ratsa Ɗan Isa, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Gaisuwa ce ta kai ni wurin ƙanwar mahaifina, wadda aure ya zaunar da ita can tun ban san dama da hagu ba. Ina yin sallama ƙamshi ya tare ni kafin ita. Tukwane shida ne jere a gindin katangar yamma, kowacce da wardinta, huɗu ja, biyu ruwan hoda.

"Gwaggo, waɗannan daga ina?"

"Hurena ne, ɗana. Nan suka girma."

Abin ya tsaya mini a rai, domin sau biyu ina dasa wardi a gidana a Kano yana mutuwa. Ita wannan shuka tudu mai sanyi take so. Turaren wardin da alhazai ke zuwa da shi na Ɗa'ifa ne, garin da ke bisa duwatsu sama da mita 1,500. Wardin Kenya da ake kaiwa Turai a gefen tafkin Naibasha ake nomansa, a wajenmu kuwa sai Jos. Maraɗi ba ta kai mita 400 ba, ƙasarta jigawa ce, ruwan samanta bai wuce milimita 500 da 'yan kai a shekara ba, a Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40.

Safiya uku na yi ina zaune a tabarma ina kallon yadda take yi. Da ta idar da lazimi sai ta ɗauko kwanon da ta tara ruwan alwalarta a ciki. Ba ta zubawa sai ta cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ta ji danshi ta wuce, in ta ji bushewa ta zuba a gindi sannu a hankali har ya ɗigo ta ƙasa. Kowace tukunya an huda ta, an rufe hudar da tsingaro, an ɗora ta bisa bulo biyu don kada gara ta hau. Ƙasar ciki haɗi ce: lakar gulbi, rairayi, da takin awaki wanda ya shekara. Da na gaya mata cewa ni daga turke nake kwaso taki in zuba, kuma cikin bokitin roba na dasa, sai ta girgiza kai. "Ɗanyen taki wuta ne. Roba kuma dafa saiwa take in rana ta buge ta."

Daga nan sai ta bi ganyen tana juya shi ɗaya bayan ɗaya. Ta kira ni in duba: wasu 'yan jajayen ƙwari, ba su kai kan allura ba, sun yi saƙa siririya a bayan ganye. Ƙurar hunturu da bushewar iska suke so. Takan wanke bayan ganyen da safe domin ya bushe kafin dare, in abin ya yi yawa ta daka 'ya'yan bedi, wanda mu muke kira dogon yaro, ta jiƙa su kwana ɗaya, ta tace, ta yayyafa da tsintsiya. Furen da ya fara zubewa takan yanke shi da reza daidai saman ganye mai rassa biyar, daga nan sabon toho ke fita.

Wahalar tana bazara. Lokacin takan sa jikokinta su kwashe tukwanen zuwa gindin bishiya, a zura kowacce cikin wata babba, a cika tsakaninsu da rairayi ana jiƙa shi. Duk tohon furen da ya fito sai ta tsinke, wai kada uwar ta ƙarar da ƙarfinta. Nan na tuna da Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da yalo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ɗaya ce: ruwa yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska tana ɗauke shi, ciki yana yin sanyi. Gwaggo ba ta taɓa jin sunansa ba, daga randarta ta koya.

Tukwanen nata daga Jiratawa suke, kudu da birni, don haka muka hau kabu-kabu ni da jikanta mu sayo biyu, ɗaya tata ɗaya tawa. Garin maginan tukwane ne, kuma a nan ne aka kafa filin noman rani na sama da hekta 500 a farkon shekarun 1980, wanda ake ba ruwa daga rijiyoyin burtsatse da injin lantarki. Zogale ne ko'ina, kore shar, mata suna tsinka ana cika buhuna. Wani dattijo da ke gyaran hanyar ruwa ya ga tukwanenmu a hude, ya tambayi me za a dasa. Na ce fure.

"Ana cin shi, Malam?"

Da gaske yake tambaya, kuma yana da hujja, tunda duk ruwan da ya shiga fangalinsa kuɗi ne. Na kawo wa Gwaggo maganar. Ta ce ita ba ta taɓa buɗe famfo don fure ba, ruwan alwala ne da na wankin shinkafa. Ni dai ban ga ɓarna a ciki ba. Mace ce da ƙafa ta fara gaza mata, 'ya'yanta sun watse tsakanin Yamai da Damagaram, kuma tukwanen nan su ke fito da ita tsakar gida kowace asuba.

Rana ta huɗu muka leƙa Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda fadar Sarkin Gobir take har yau. A ƙofar wani gida na ga kariya cikin fasasshen tulu, gindinta ya kumbura, babu ganye ko ɗaya, amma ta cika da fure ja da fari. Faransawa suna kiranta wardin hamada. Mai gidan ya ce yakan yi mako biyu bai ba ta ruwa ba, abin kiyayewa kawai shi ne yara da awaki, don ƙaronta dafi ne. Raina ya sosu da na tuna yadda muke neman na Jos ruwa a jallo, ga tamu a daji ba mai waiwayarta.

Ranar da zan taho, Gwaggo ta yanko reshe uku na jan wardin, kaurin fensir, tsawon taƙi, ta cire ganyen ƙasa, ta naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce in soka su cikin rairayi mai danshi a inuwa, kada in taɓa su sai na ga toho. A Tsibiri kuma an ba ni reshen kariya, da sharaɗin in bar bakin yankan ya bushe kwana uku kafin in dasa. Na rungumo tukunyar Jiratawa ɗaya a cinya tun daga tasha har Katsina, ina tare ta da hannu biyu duk inda mota ta faɗa rami.